Sa Kashim Ibrahim, Gwamnan da kujerarsa ta riga shi mutuwa

'Yan uwa na Sabo da Shasha da Agege da Fatakwal, da duk inda neman halal ya kai ku. Kafin komai bari in raba mutum biyu da samarinmu ke yawan cakuɗawa. Akwai Kashim Shettima, wanda ya yi gwamnan Borno daga 2011 zuwa 2019, ya kuma zama mataimakin shugaban ƙasa a 2023. Akwai kuma Shettima Kashim, wanda daga baya duniya ta sani da Sa Kashim Ibrahim. A shekarar da aka haifi na farkon, wato 1966, a cikinta sojoji suka sauke na biyun daga kujerar Gwamnan Jihar Arewa baki ɗayanta, tun daga Sakkwato har bakin Tafkin Chadi, tun daga Katsina har Ilori da Makurɗi. A kan na biyun nake son mu yi magana yau. Mu 'ya'yan masu shanu in an ce sa, ƙaho da tozo muke fara hangowa, amma wannan Sa ɗin lambar girma ce ta Sarauniyar Ingila, irin wadda aka ba Sardauna da Tafawa Ɓalewa.

An haife shi ranar 10 ga Yuni 1910 a unguwar Gargar, cikin Yerwa. Garin kansa shekara uku kacal ya ba shi. Rabe ya rusa Kukawa a 1893, Faransawa suka kashe Rabe a Kusuri a 1900, Ingilishi suka shigo Borno a 1902, sannan a 1907 Shehu Garbai ya tare a Yerwa, kusa da tsohon ƙauyen Maiduguri da barikin Turawa. Kun ga ke nan yaron ya buɗe ido a gari sabo fil, cikin dattawan da suka ga sarauta ta faɗi, suka ga wata ta maye gurbinta, ita ma ta faɗi, duk a cikin shekara goma. Ya yi karatun allo kamar kowane ɗan Borno, a 1922 aka sa shi makarantar lardi, a 1925 kuma aka tura shi Kwalejin Katsina, inda ya fito da takardar malanta a 1929. A makarantar nan yana gaba da Ahmadu Bello, wanda ya shigo a 1926, yana kuma gaba da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zo a 1928. Ku riƙe wannan, don zai yi mana amfani nan gaba.

Da ya dawo gida sai alli da allo. Ya koyar a Midil ta Borno, a 1933 ya zama malami mai zagaya makarantun lardi, daga nan ya yi ta hawa har ya kai jami'in ilimi. A 1935 Shehu ya naɗa shi Shettima. Wanda ya san faɗin tsohon Lardin Borno, wanda ya haɗa har da Yobe ta yau, ya san abin da zagayen makarantu ke nufi a zamanin da babu kwalta, ga rairayi da rani, ga laka da damina. Kuma boko ba abin marmari ba ne a wajen iyaye a lokacin, ballantana a ƙasar da take alfahari da tsangaya da hardar Alƙur'ani. Ya rubuta littattafan karatu da na lissafi cikin Barbarci don yaran elemantare. Fiye da shekara ashirin ya yi a wannan aiki kafin siyasa ta ɗauke shi, kuma a ganina a nan ya koyi halin da ya zauna da shi har mutuwa: mai zagaya makarantu ba ya da bulalar da zai tilasta wa hakimi ya kawo yara, sai lallashi da yawan komawa.

Siyasa ta zo da tsarin mulkin 1951. Yana cikin mutanen farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, aka zaɓe shi majalisar Kaduna, daga can aka tura shi Legas a 1952 cikin ministocin tarayya na farko daga Arewa, tare da Tafawa Ɓalewa da Muhammadu Ribaɗu da Sarkin Katsina Usman Nagogo. An ba shi ma'aikatar kula da jin daɗin jama'a, daga baya ta ilimi. Saboda haka shi ma ya ɗanɗani zaman Kudu, irin naku, ko da yake nasa a gidan gwamnati ne ba a rumfar kara ba. Yana cikin waɗannan shekaru a 1953 lokacin da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ce a jira sai lokacin da ya dace, jama'ar Legas suka yi musu ihu da zagi a kan titi. Wata biyu ba su cika ba aka yi tarzomar Kano. Duk ɗan Arewa da aka taɓa kira da sunan raini a tashar mota a Kudu ya san abin da mutanen nan suka haɗiye a ranar.

A 1956 ya koma gida ya zama Wazirin Borno, a zamanin Shehu Umar Sanda Kyarimi. Nan ne kaɗai a rayuwarsa ya riƙe iko na zahiri. En'e ta Borno tana cikin manya a Arewa, tana da baitulmali, da 'yan doka, da alƙalai, da gidan yari, kuma ita ke karɓar haraji da jangali. Jangali dai kuɗi ne a kan kowane kan saniya, kuma mu da muka tashi a gidan shanu mun ji labarinsa a bakin kakanni: yadda ake kora garke daji kafin masu ƙirga su iso, yadda wasu ke tsallaka iyaka su dawo bayan an wuce. Waziri shi ne babba a majalisar Shehu, ta hannunsa yawancin waɗannan al'amura ke bi.

A nan kuma dole in faɗi abin da masu yabo ke tsallakewa. Shekarun nan ne na ƙungiyar samarin Borno, BYM, wadda Ibrahim Imam ya ja gabanta bayan ya bar sakataren NPC a 1954. Ta haɗa kai da NEPU, daga baya da jam'iyyar Awolowo, kuma ta ba NPC ciwon kai sosai a cikin Yerwa. Sanannen abu ne a Arewa duka cewa an yi amfani da 'yan doka da kotunan En'e wajen takura wa 'yan hamayya, a hana su izinin taro, a ɗaure su a kan ƙaramin laifi. Borno ba ta fita daga wannan ba. Mutumin da ke zaune a kujerar Waziri a irin wannan lokaci ba za a ce rigarsa ba ta taɓa ƙura ba, komai tsabtarsa. Masu kare shi suna cewa ya zo ne ya gyara En'e da ta yi ƙaurin suna wajen almundahana, kuma ba a taɓa jin ya tara dukiya ba. Na yarda da wannan. Amma gyaran baitulmali daban, sakar wa abokin hamayya mara daban.

Yanzu mu zo kan kujerar da ta sa na ɗauki alƙalami. Kujerar Gwamnan Arewa ta Turawa ce tun asali. Lugga ne ya fara zama a kanta a 1900, da sunan Babban Kwamishina, kuma a lokacin shi ne wuƙa shi ne nama: shi ke aika soja, shi ke tuɓe sarki ya naɗa wani. Bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914 aka mai da ita mataimakin gwamna a ƙarƙashin na Legas, hedikwata ta bar Zungeru ta koma Kaduna. A 1954 ta sake zama cikakken Gwamna a hannun Sharwood-Smith, wanda Hausawa suka laƙaba wa Mai Wandon Ƙarfe, sai Gawain Bell ya gaje shi a 1957. Amma tun daga nan ikon yana ta zurarewa daga kujerar yana komawa ofishin Firimiya. Ranar 15 ga Maris 1959 Arewa ta sami mulkin kanta, Gwamna ya daina shugabantar majalisar zartarwa, Sardauna ya karɓa. Saboda haka lokacin da Bell ya tafi a 1962 aka rantsar da Kashim, ɗan ƙasa na farko a wannan matsayi, abin da ya tarar shi ne gida, da tuta, da faretin girmamawa, da alƙalami.

Aikin a taƙaice ga shi. Bayan zaɓe, Gwamna ke kiran wanda ke da rinjaye a majalisa ya ce ya kafa gwamnati. Shi ke buɗe zaman majalisar wakilai da ta sarakuna a Zauren Lugga, ya karanta jawabin da gwamnati ta shirya. Doka ba ta zama doka sai ya sa hannu. Da sunansa ake ba sarki sanda, da sunansa ake karɓe ta. Amma kusan duk waɗannan sai da shawarar Firimiya da ministocinsa, kuma shawarar nan ba irin wadda ake ji a ajiye ba ce. Shi kansa Gwamnan, Firimiya ne ke ba da sunansa, Sarauniya ta amince, bayan 1 ga Oktoba 1963 kuma da muka zama jamhuriya, Shugaban Ƙasa ya amince. Wato Sardauna ya ɗauko wanda ke gaba da shi a makaranta ya ɗora shi a samansa a takarda, alhali a aikace linzami na hannun ƙanen. Jama'ar da ke ƙarƙashin wannan tuta, bisa ƙidayar 1963, sun kusa miliyan 30 cikin miliyan 55 da ɗoriya na Nijeriya duka, a larduna 13.

Matashin yau zai ce to mene ne amfaninta? Mu da muka tashi a tsarin 1999, gwamna shi ne mai asusu, mai kwangila, mai jiniya. Amma duniya ta san iri biyu. A shekarar nan ta 1902 da Ingilishi suka kafa tuta a Borno, a cikinta suka gama da jamhuriyoyi biyu na Turawan Bowa a kudancin Afirka. Shugaban ɗaya daga cikinsu, Paul Kruger na Transbal, irin na farko ne: an zaɓe shi sau huɗu tun daga 1883, da ƙuri'ar Turawa maza kaɗai ban da baƙar fata masu ƙasar, kuma gwamnati a hannunsa take. Da yaƙi ya juya a 1900 ya bar ƙasar, ya mutu a Suwizalan a 1904. Da jikokinsu suka mai da Afirka ta Kudu jamhuriya a 1961 sun dawo da sunan muƙamin, amma suka bar shi na ado, iko yana wajen Firaminista. Irin na biyu ke nan, kuma irinsa Ingilishi suka bar mana a Legas da Kaduna da Ibadan da Inugu.

Ita kujerar ado, ranar rikici ake gane ko ado ce. Ku mutanen Ibadan ba sai an ba ku labari daga nesa ba. A watan Mayu na 1962, shekarar da Kashim ya hau, Awolowo da Akintola sun ɓata. 'Yan majalisa masu rinjaye suka sa hannu a takarda cewa ba sa tare da Firimiya Akintola. Gwamnan Yamma, Ooni na Ife Sa Adesoji Aderemi, ya dubi takardar ya sauke shi, ya naɗa Alhaji Dauda Adegbenro, ba tare da an kaɗa ƙuri'a a zauren majalisa ba. Da majalisa ta zauna aka yi ta jifa da kujeru, aka karya sandar majalisa, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa. Gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci, ta naɗa Dakta Majekodunmi kantoma. Kotun ƙoli ta Legas ta ce Gwamna bai yi daidai ba, kotun Sarauniya ta Landan a 1963 ta ce yana da ikon yin haka, amma kafin nan Akintola ya riga ya koma ofis, aka kuma gyara tsarin mulkin jihar ya shafi abin da ya wuce. Ooni bai sake komawa kujerar gwamna ba. Daga wannan sa hannu ɗaya har zuwa ƙone-ƙonen da suka biyo zaɓen Oktoba 1965, Yamma ba ta sake samun barci ba.

A Legas ma an gwada. Bayan zaɓen Disamba 1964, wanda aka ƙaurace wa a wurare da yawa, Shugaban Ƙasa Azikiwe ya yi kwanaki ya ƙi kiran Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati. Shugabannin soja da na 'yan sanda suka nuna masa cewa umarni daga Firaminista suke karɓa, manyan alƙalai suka shiga tsakani, a farkon Janairu 1965 ya sauko.

Kashim bai taɓa yin irin wannan gwaji ba. Wani zai ce ai ba a ba shi dalili ba, tunda NPC ta cika majalisar Kaduna maƙil, babu ranar da za a rasa sanin mai rinjaye. Haka ne. Amma an kawo masa abu mai nauyi ko da sau ɗaya. A 1963, bayan binciken da Baturen nan Muffett ya yi a kan kuɗin En'e ta Kano, gwamnatin Sardauna ta yanke cewa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi zai sauka. Sanusi ba ƙaramin sarki ba ne, jigo ne a NPC, babban malami ne a Tijjaniyya, ya ma taɓa riƙon kujerar Gwamna na ɗan lokaci. A hannun Kashim ya miƙa takardar murabus, daga nan aka wuce da shi Azare. Muhammadu Inuwa ya hau ya yi 'yan watanni ya rasu, Ado Bayero ya gaje shi a watan Oktoba. Har gobe Kanawa suna gardama a kan ko bincike ne ko rigimar manya biyu da ba sa iya zama inuwa ɗaya. Abin da ya shafe ni a nan shi ne matsayin mai karɓar takardar. Ba shi ya yanke hukunci ba, kuma doka ba ta ba shi hanyar ture shi ba. Abin da kujerar ta iya yi shi ne ta sa a ce murabus maimakon tuɓewa, sarki ya miƙa wa Wazirin Borno, mutumin da ya san darajar rawani, maimakon a aika masa 'yan sanda ƙofar fada. Kano ta yi zafi, amma ba ta kama da wuta ba.

Ni ban ɗauki wannan ƙaramin abu ba, kuma dalilina daga kasuwa yake. Mahaifina shanu yake lodi daga Kasuwan Shanu ta Maiduguri zuwa Kudu, kuma tun ina yaro na ga yadda dukiyar miliyoyi ke tafiya ba takarda. Tirela ta kwana biyu ko uku a hanya, ta sauke a Akinyele ko Oko-Oba ko Lokpanta, maigida ya karɓi baƙo ya saukar da shi, dillali ya haɗa shi da mahauci, a ba da shanu bashi a kan za a biya in an yanka an sayar. In mahauci ya ƙi biya, ba kotu ake fara zuwa ba, wajen sarkin kara ko Sarkin Hausawa ake zuwa. Shi kuwa ba ya da ɗan sanda ko ɗaya, ba ya da gidan yari, ba ya da kason wata daga Abuja. Abin da yake da shi kawai shi ne ɓangarorin biyu suna jin kunyar su ƙaryata shi. Tun da aka kafa Sabon Ibadan a 1916 a kan haka ake tafiya. Kuma kun gani da idonku, a Shagamu a 1999, a Mile 12 a 2016, a Shasha a 2021, cewa in gari ya rikice, bayan soja sun zo sun tafi, masu irin wannan rawanin ne ke zama da sarakunan gari har a buɗe kasuwa. Kun kuma san abin da ke faruwa in Sarkin Hausawa ya zama ɗan kamfen na wata jam'iyya, ko aka wayi gari mutum biyu suna da'awar rawani ɗaya: ranar da ake bukatar bakinsa sai a tarar rabin jama'a ba sa jin sa.

Sai dai kujerar da ba ta iya kunna wuta, ba kullum take iya kashe ta ba. A 1964 ƙasar Tibi ta yi tawaye, aka tura soja, mutane da yawa suka mutu. Gwamna yana Kaduna, ba a ji ya ja wa gwamnati birki ba, kuma tsarin bai ba shi birkin ba. Wanda ya rasa ɗan uwa a Gboko a shekarar nan ba zai ga amfanin dattijo mai shiru ba, kuma ba zan yi masa gardama ba.

A shekarar 1964 ɗin dai jirgin ƙasa ya iso Maiduguri ta Bauci da Gombe. Kafin nan shanun Borno a ƙafa ake kora su, ko dai zuwa tashar Nguru ko kuma kudu kai tsaye, makonni a hanya, su isa sun rame, wasu sun faɗi. Ba aikin Gwamna ba ne, na tarayya ne, amma a zamaninsa aka yi, kuma tsofaffin 'yan kasuwarmu da wannan suke tuna shekarun.

Daren 15 ga Janairu 1966 komai ya ƙare. A Kaduna sojojin Manjo Nzeogwu suka kashe Sardauna da matarsa Hafsatu, suka kashe Birgediya Ademulegun da Kanar Shodeinde. A Ibadan aka kashe Akintola, a Legas aka ɗauke Tafawa Ɓalewa da Okotie-Eboh aka kashe. Borno ta yi babban rashi a daren nan, don Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Mohammed da Laftanar Kanar Abogo Largema duk 'yan lardin ne. Shi Gwamna an je gidansa an ɗauke shi, aka tsare shi na ɗan lokaci, aka sake shi. Masu juyin mulkin sun san inda iko yake, shi ya sa suka kashe Firimiya suka bar Gwamna. Kwana biyu bayan haka Janar Ironsi ya dakatar da muƙaman gwamnoni da firimiyoyi, ya naɗa Manjo Hassan Usman Katsina gwamnan soja na Arewa.

Abin da ya biyo baya ne ya fi ba ni mamaki. Hassan ɗan Sarkin Katsina Nagogo ne, wanda suka yi minista tare da Kashim a Legas, wato ɗa ne a wajensa, shekararsa 32 a lokacin. Aka nemi tsohon Gwamna ya zama mai ba wannan yaron shawara, ya kuma karɓa. Ku duba 'yan siyasarmu na yau, wa zai sauka daga kujera da safe ya koma gefen wanda ya gaje shi da yamma ba tare da ya kafa masa tarko ba? Wasu na ganin bai kamata ya yi aiki da gwamnatin da ta hau kan jinin abokansa ba. Amma Arewa a watannin nan ba ta da Firimiya, ba ta da majalisa, jam'iyyu an rushe, zukata na tafasa, kuma sarakuna da ma'aikata suna bukatar fuskar da suka sani.

Shekarar ba ta yi kyau ba duk da haka. A watan Mayu Ironsi ya soke jihohi da doka ta 34, aka kashe 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa. Ranar 29 ga Yuli sojojin Arewa suka yi nasu juyin, Gowon ya hau. A watan Satumba aka kira taron tsara makomar ƙasa a Legas, Kashim ya jagoranci wakilan Arewa, Awolowo na Yamma, Enahoro na Yamma ta Tsakiya. Da farko takardar Arewa ta nemi kowace jiha ta zama kusan ƙasa mai cin gashin kanta, har da damar ficewa. Cikin 'yan kwanaki wakilan suka janye wannan, suka koma kan tarayya mai ƙarfi da ƙirƙirar sababbin jihohi, bayan matsin lamba daga sojoji da ƙananan ƙabilun Arewa. Ku da kuke zaune a Kudu ku auna abin da takardar farko take nufi da a ce ta wuce: kowane Bahaushe a Agege ya zama baƙo mai neman biza, kowace tirelar shanu ta tsaya a kwastan a gadar Jebba. Taron bai kammala ba, don a ƙarshen Satumba kisa ya sake ɓarkewa a Arewa fiye da na farko, dubban mutanen Gabas suka mutu, saura suka gudu gida, 'yan Arewa mazauna Gabas su ma aka kashe wasu, aka kori saura. Babu dattijon da bakinsa ya isa ya tare wannan, har da shi.

Ranar 27 ga Mayu 1967 Gowon ya yanka ƙasar jihohi 12, Arewa ta zama shida, Maiduguri ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas. Daga ranar babu sauran wata Jihar Arewa da za a yi wa Gwamna. Kashim ya zama farar hula na farko kuma na ƙarshe daga cikinmu da ya zauna a wannan kujera, kuma da hannunsa a matsayar da ta share hanyar rushe ta.

Bai sake neman zaɓe ba. An ba shi wata kujerar mai kama da waccan, uban jami'a, kuma duka biyun a ƙasarku: Jami'ar Ibadan da farko, daga baya Jami'ar Legas har zuwa 1984. Shekaru da dama Babarbare ɗan Yerwa yana saukowa Kudu yana miƙa wa 'ya'yan Yarbawa da Ibo da sauransu takardun digiri, har a tsakiyar yaƙin basasa. Da siyasa ta dawo a 1979, ɗan lardinsu Waziri Ibrahim ya fito takarar shugaban ƙasa, GNPP ta ci Borno, shi yana gida.

Ya rasu ranar 25 ga Yuli 1990 yana da shekara 80, shekara 24 bayan saukarsa. Gidan gwamnatin Kaduna sunansa yake ɗauke da shi har yau, haka babban ɗakin karatu na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, haka kwalejin horon malamai a nan Maiduguri. Shekara ɗaya bayan rasuwarsa aka cire Yobe daga Borno, aka raba lardin da ya zagaya yana neman yara 'yan makaranta. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan namu iyayen da suka riga mu.